Yunwa a Gidan Mai Rumbu Uku

Babana ya kusa mutuwa da yunwa alhali rumbunansa uku cike suke da dawa. Na san maganar ba ta da daɗin ji. Ni ma ranar da likita ya faɗa mini, saura kaɗan in yi masa rashin kunya a gaban jama'a. Amma haka abin ya faru, kuma tun da Allah ya tashi kafaɗun Baba na ɗauki alkawarin sai na ba da labarin, ko wani zai leƙa kwanon tsohonsa kafin lokaci ya ƙure.

Sunana Asabe. A lokacin ina aure a unguwar Yara cikin Keffi, maigidana akawu ne a ofishin gwamnati, ni kuma ina ɗinki a gida. Shekarun nan ne da kuɗin mai suka shigo ƙasa, samarin ƙauye duk suka jingine garma suka nufi gari. Yayana Sale ma ya bi kamfanin da ke shimfiɗa titi. Aka bar Baba, Malam Audu, a ƙauye daga shi sai ƙanwarsa Gwaggo Hanne, wadda ke yi masa girki tun rasuwar Innarmu. Duk wata nakan aika musu da farar shinkafa da sukari da kifin gwangwani da madara. Ina ta ji da kaina, wai ni ga mai kula da uba.

Da farkon bazara Yaya Sale ya kawo mini Baba a gaban motar kamfani. Da aka sauko da shi ban gane shi ba. Mutumin da na sani da faɗin ƙirji, wanda ke yin kunya ɗari kafin hantsi, sai ga shi riga na rawa a jikinsa. Ƙasusuwan wuya duk a waje, gefen baki ya tsattsage, fatar hannu tana saɓa. Ƙafafun kuwa sun kumbura suntum, in ka danna da yatsa sai wurin ya lotsa ya zauna haka. Daga ƙofar gida zuwa zaure sai da ya huta sau biyu. Na ce, “Baba, me ya same ka haka?” Ya ce, “Ba komai, 'yar gajiya ce.”

Kafin Yaya ya juya ya ja ni gefe. Ya ce, “Asabe, Baba ya gama noma, mu daina yaudarar kanmu. Akwai wani Ɗanladi da ke son gonar fadama. Ruwan farko na sauka zan ba shi ita ya noma, Baba ya zauna a nan wurinki.” Ashe Baba na ji daga zaure. Ya ɗaga murya iyakar ƙarfin da ya rage masa, ya ce, “Sale, ranar da ka sa wani a gonata, ka biya kasuwa ka sayo likkafani.” Na san babana, ba ya maganar banza. Tun daga ranar na gane cewa ko dai ya miƙe kafin ruwa ya sauka, ko mu rasa shi.

Makon farko a unguwar Sabon Gari muka ɓata shi. Wata maƙwabciya ta nuna mini wani mai kemis da ke yin allurar ƙarfi. Kwana biyar ana tsira wa Baba allura a ɗan naman da ya rage masa, ban ga ƙarfin ba, sai dai kuɗin ɗinkina da suka bi iska. 'Yan uwa kuma suka yi ta sintiri, kowa da tasa. Wannan ya ce sammu ne saboda gonar fadama, wancan ya ce iska ce ta taɓa shi a gindin tsamiya, wata ta ce ciwon hanta ne. Aka kawo rubutu, aka kawo jiƙo, aka kawo turare. Gwaggo ta biyo mu da buhun garin dawa, ta karɓe girkin ɗan uwanta, wai ni ban san cimarsa ba. Ni kuwa na sakar mata, don ina ganin kwano na shiga cike yana fitowa wayam. Wanda ke cinye malmala uku ai ba za a ce ba ya cin abinci ba.

A mako na biyu maigidana ya ce wasan ya isa haka, a tafi asibiti. Muka yi sammako, muka tarar da layin karɓar kati ya kai bakin titi. Baba ya kasa zama a benci, na shimfiɗa masa zanina a inuwa. Sai bayan azahar aka ce likita ya tashi, a dawo gobe. Na dawo gida ina faɗa ni kaɗai kamar taɓaɓɓiya. Washegari muka samu shiga. Likitan ya ja fatar idon Baba, ya danna ƙafarsa, ya sa aka ɗebi jini, aka ɗauki hoton ƙirji. Bayan kwana uku ya ce babu tarin fuka, babu ciwon sukari, hanta ma lafiya lau. Sai ya dube ni ya ce, “Cikinsa a cike yake, jikinsa ne ke jin yunwa. Tamowa ce.”

Gwaggo ta dafe ƙirji. “Tamowa? Ciwon yaran da aka yaye? Likita, wannan dattijo ne mai rumbu uku!” Ni ma raina ya ɓaci ƙwarai, don ji na yi kamar an ce mun bar ubanmu da yunwa. Likitan bai ja da mu ba. Ya ba Baba gado, ya ce akwai wata Sista da za ta zo ta yi mana tambayoyi.

Sista Rahila ke nan, wata gajeriyar mata 'yar Eggon, mai Hausa irin ta mutanen wajen Akwanga, wadda mace ma “ka” take ce mata. Ta zo da awon tela irin nawa, da faifai, da tsakuwoyi a gwangwani. Ta naɗa awon a damtsen Baba, ta duba, ta nuna mini. Ni tela ce, na san damtsen namiji. Abin da na gani ko hannun rigar budurwa ba zai cika ba.

Ta zauna a bakin gado ta ce, “Baba, jiya me ka ci?”

Ya ce, “Alhamdu lillahi, na ƙoshi.”

“Ban ce ka ƙoshi ba. Na ce me ka ci?”

Sai na yi caraf na karɓe. Na shiga lissafa mata shinkafa da miyar nama da kifi da shayi da madara, duk abin da aka dafa a gidana da wanda ma ba a dafa ba. Ta bar ni na kai aya, sannan ta ce, “Kai, madam, ba tukunya na tambaya ba, baki na tambaya. Ka bari mai bakin ya yi magana.” Kunya ta kama ni kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ta ajiye faifan a cinyar Baba, ta ce kowane irin abinci tsakuwa ɗaya ne. Hatsi da rogo da doya duk dangi ɗaya ne, tsakuwarsu ɗaya. Wake da gyaɗa da riɗi, ɗaya. Nama da kifi da ƙwai, ɗaya. Haka nono, haka ganye, haka 'ya'yan itace, haka mai. Ta ce su bi ranar jiya tun daga asuba.

“Da safe?”

“Kunun dawa.”

Ta sa tsakuwa ɗaya. “Da rana?”

“Ɗumamen tuwo.”

“Tuwon me?”

“Dawa.”

Ba ta ƙara tsakuwa ba. “Miyar fa?”

Gwaggo ta ce, “Ruwan daddawa ne da gishiri da ɗan barkono. Ai ba ya cin mai.”

“Da yamma?”

“Tuwo.”

Aka bi shekaranjiya, aka bi ranar kasuwa, aka bi har ranar Sallah. Tsakuwar nan ɗaya ita ce dai zaune a tsakiyar faifai. Na ce, “Baba, kifin gwangwani da madarar da nake aikowa fa?” Ya ce, “Allah ya yi miki albarka, maƙwabta suna jin daɗinsu ƙwarai.”

Sista ta ce, “To Baba, me ya hana ka ci?”

Ya ce, “An hana ni.”

A nan ne asiri ya tonu. Kowa ya san in mai maganin gargajiya ya ba ka magani yakan haɗa maka da hani, ya ce kada ka ci kaza da kaza. Yawancinmu da mun ji sauƙi muke mancewa. Babana kuwa mutum ne mai riƙe magana, in ya ce to, to ɗin ke nan har abada. Shekarar da Turawa suka miƙa mulki ya yi ciwon shawara, wani Malam Barau ya yi masa magani, ya hana shi wake da gyaɗa da duk wani maiƙo. Bayan wasu shekaru wanzami ya yi masa ƙaho don ciwon baya, ya hana shi nama da kifi da ƙwai da nono. Bara waccan ya yi gudawa, Gwaggo da bakinta ta ce ya bar ganye da gwanda da mangwaro. Kowa ya ɗaura nasa ya tafi, ba wanda ya dawo ya kwance. Da Inna na da rai ashe takan saci jiki ta zuba masa garin ƙuli a miya bai sani ba. Da ta rasu aka samu Gwaggo mai gaskiya, ita kuma abin da ya ce shi take dafawa.

Sista ta ce, “Baba, yau duk na kwance maka.”

Ya girgiza kai. “'Yata, ba ke kika ɗaura ba.”

Aka yi lallashi, aka yi faɗa, maigidana ya kawo limamin unguwarmu ya yi masa nasiha. Baba ya saurara da ladabi, ya yi godiya, aka kawo ƙwai ya kau da kai. Ƙwayar ƙarin jini kam yana sha, don ita ba wanda ya hana. Na fita bayan ɗakin marasa lafiya na yi kuka mai isata, ina jin haushinsa, ina jin tausayinsa. Da na share hawaye na ce to, tunda sai wanda ya ɗaura, zan nemo su ɗaya bayan ɗaya.

Ta Gwaggo ba ta yi wuya ba. Tana kuka tana cewa, “Yaya, ni fa na kwana biyu nake nufi! Na janye, wallahi na janye.” A ranar ya ci kwaɗon zogale ba ƙuli, ya sha mangwaro biyu. Tsakuwa ta zama uku.

Wanzamin kuma a mako na huɗu na same shi a kasuwar ƙauyenmu yana yi wa wani aski. Da na gaya masa, sai da ya ajiye askar. “Malam Audu? Har yanzu? Ni ai na manta ma na taɓa yi masa ƙaho!” Ya biyo ni Keffi da zabirarsa, ya tsaya a kan Baba ya ce ya kwance. Muka fara da romon kaza da dafaffen ƙwai da kindirmo kaɗan-kaɗan, yadda Sista ta tsara.

Na zaci an gama, ashe da saura. Baba ya ɗan farfaɗo, amma nama ba ya zama masa sosai, haƙoran ma sun yi ƙaranci. Kumburin ya ƙi sauka yadda ake so. Sista ta kira ni ta ce, “Madam, ka ji gaskiya. A ƙauye wa ke cin kaza kullum? Ranar kasuwa kaɗai ake yanka. Abin da zai riƙe manomi wake ne da gyaɗa da manja. In bai ci su ba, ko ya tashi zai sake kwantawa.” Ga shi hadari ya fara haɗuwa ta gabas da yamma, Yaya Sale kuma ya aiko cewa Ɗanladi na jiran amsa.

Na koma wa Baba da maganar Malam Barau. Ya ce, “Wannan kam kada ki taɓa. Na riga na ga kabarina, ta hannunsa Allah ya tashe ni. Kuma ya rasu shekara tara ke nan.” Ya juya fuska bango. Ban taɓa jin na tsani gaskiyar mutum ba sai ranar.

Duk da haka na shirya. Na bar wa maigidana yara, na shiga motar kasuwa, na sauka na taka da ƙafa har ƙauyen marigayin a hayin rafi, ko zan samu wani ɗansa da ya gaji maganin. Babu ɗa ko ɗaya, duk sun tafi aikin titi. Sai matarsa na tarar, wata tsohuwa mai suna Iya Kulu, tana tuyar ƙuli a tsakar gida. Na zayyana mata komai. Ta saki baki tana kallona, can sai ta fashe da dariya har da tari, daga baya kuma ta koma salati. Ta ce, “Tashi mu je. Wannan ba saƙo ba ne, da bakina zan gaya masa.” Ba ta taɓa shiga mota ba a rayuwarta. Tun daga hayin rafi har Keffi tana riƙe da wuyan rigata tana kiran sunan Allah.

Da muka shiga ɗakin marasa lafiya ta tsaya ta ƙare wa Baba kallo. Ta ce, “Af, kai ne! Mai idon nan da ya yi kamar garin ɗorawa, wanda aka kawo a kan jaki.”

Baba ya yunƙura ya gaishe ta.

Ta ce, “Malam Audu, da Malam ya sallame ka, me ya ce maka?”

“Ya ce kada in ci wake da gyaɗa da maiƙo.”

“Sai me?”

Baba ya ce, “Ya ce in dawo bayan mako guda.”

“Ka dawo?”

“Ban dawo ba. Makon bikin 'yancin kai ne, na ga na warke, sai na biyo mutane Keffi kallo.”

Ta tafa hannu. “To ai ranar ce ranar kwance hani! Hanin shawara kwana bakwai ne a gidanmu. Ran na bakwai mai ciwo yakan dawo, in dafa masa faten wake da manja, ya ci a gaban Malam, shi ke nan an sallame shi. Naka na dafa, muka jira ka har la'asar, da ba ka zo ba Malam ya cinye abinsa.”

Ɗakin nan kaf aka kwashe da dariya, har wani mai karaya da ke gadon gefe yana riƙe ƙafa yana cewa a taimake shi. Baba kam bai yi dariya ba. Ya daɗe yana ƙirga wani abu a yatsunsa. Sannan ya ce a hankali, “Shekara goma sha bakwai ban ci ƙosai ba.”

Iya Kulu ta ce, “Kwanonka na nan, ka makara ne kawai. Asabe, ina murhu?”

A bayan asibiti, inda masu jinya ke girki, ta dafa faten waken da hannunta. Ta kawo ta ajiye a gabansa ta ce, “A madadin Malam, na kwance.” Baba ya yi bisimilla ya kai loma. Ya tauna, ya rufe ido, hawaye na bin gemunsa. Da ba don Sista ta ƙwace kwanon a rabi ba, da ya cinye tas. Ta ce cikin da ya shekara goma sha bakwai bai ga wake ba, ba a yi masa gaggawa. Ta kuma ɗaga masa yatsa ta ce, “Baba, tunda kana jin hani, ga nawa. Na hana ka rana ta faɗi tsakuwarka ba ta kai biyar ba.” Ya ce, “To. Na kwana nawa ne?” Aka sake fashewa da dariya. Ta ce, “Wannan har abada ne.”

Daga nan sauƙi ya zo, amma ba a guje ba. Mako na shida kumburin ya sauka, sai Baba ya ƙara zama siriri, Gwaggo ta tayar da hankalin kowa wai wake na tsotse shi. Sista ta ce ruwa ne ya fita, yanzu ne za a fara gina nama. Aka sallame mu muka dawo Yara. Kunun gyaɗa da safe, faten wake da alayyafo da rana, tuwonsa na dawa da yamma amma da miyar gaske, ga gwanda, ga nono in Fulani sun shigo. Shi da kansa yake ajiye tsakuwoyinsa, in sun tsaya a huɗu ya aiko a tambaye ni ina ta biyar. Gefen bakinsa ya warke. Ya fara zuwa masallacin unguwa da sanda, daga baya ya bar sandar a zaure. Wata safiya na tarar ya ɗauki fartanya ya sassabe mini bayan gida tas, har da 'yar albasar da na shuka.

Ina godiya ga likitan da na so in zaga, da Sista Rahila da ban taɓa iya biyanta ba, da Iya Kulu da ta hau abin da take tsoro saboda mutumin da ta gani sau ɗaya. Amma ina da ƙorafi, kuma ba zan haɗiye shi ba. Masu ba da magani, na gida da na asibiti, in kun hana mutum abu ku gaya masa ranar da hanin zai ƙare. Mu kuma 'ya'ya, aika kaya ba shi ne kula ba. Shekara nawa ina tambayar Baba ko ya ci abinci yana cewa ya ƙoshi, ban taɓa zama na ga abin da ke cikin kwanon ba. Wannan laifina ne, ba na kowa ba.

Ruwan farko ya sauka ran wata Laraba da la'asar, mai ƙarfi, har ya cika mana kwata. Washegari bayan sallar asuba Baba bai dawo daga masallaci ba. Muka duba ko'ina, sai wani mai shayi a tasha ya ce ya ga wani dattijo ya shiga motar farko. Kafin in gama ɗaura mayafi sai ga Yaya Sale da motar kamfani, Ɗanladi na zaune a baya, wai sun zo su yi wa Baba magana ta hankali kafin su wuce gonar. Na ce, “Ku matsa mini, tare za mu.”

Hantsi ya ɗaga muka isa fadama. Tun daga nesa na hango sabuwar ƙasa baƙa wuluk, kunya bakwai a jere, miƙaƙƙu kamar an ja su da zare. A ƙarshen ta takwas ga Baba, ya tuɓe riga, gumi na bin bayansa, garma na tashi tana sauka. Yaya ya tsaya cak. Ni kuwa na zauna a kan tushen gawo na rufe fuska da mayafi, ina dariya ina kuka.

Baba ya ɗago ya gan mu. Ya share goshi, ya dubi Ɗanladi sama da ƙasa, ya ce, “Sannunku da zuwa. Gayya kuka kawo mini? Madalla. Akwai wata garmar a gindin bishiya. Sale, cire takalman nan ka kama daga can, gyaɗa za mu sa bana.”

Yaya ya sunkuya ya fara kwance igiyar takalminsa.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti, ya kuma ba masu jinya ido da haƙuri.